Direban Motar Kwana-kwana a Ƙasar Dandi

Shirinmu na yau zai kai mu Gaya ta jihar Dosso a Jamhuriyar Nijar, garin da ke zaune a bakin kogin Isa, yana duban Malanbil ta ƙasar Benin a ƙetaren ruwa, Kamba ta Najeriya kuma tana gabas da shi, domin mu yi nazarin aikin wani bawan Allah da ba a cika ambatonsa ba idan an tashi yabo, wato direban motar kwana-kwana.

Tun da aka gina gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a 1958, har zuwa rufe iyakar da aka yi a 2023, mafi yawan hajar da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano da nufin Nijar ta nan take bi, har ya zama manyan motoci da tankoki sukan yi dogon jeri suna jiran takardun duwan, direbobi da yaransu na girki a gindin motocinsu. Ga kuma fetur na jarka da na kwalba, wanda kusancin Najeriya ya sa ya zama sana'ar mutane da yawa, alhali sau da yawa ma'ajiyarsa ɗaki ne a tsakiyar gidan iyali. Idan hunturu ya kama, iska ta bushe zana da shuci, to, tartsatsi ɗaya ya isa. Garin Dosso kuwa yana da nisan kilomita wajen 150, saboda haka gudummawar da za ta taso daga can, komai himmarta, sai dai ta tarar da toka.

A Jamhuriyar Nijar 'yan kwana-kwana sojoji ne, da horon soja da ladabinsa, kuma lambar kiransu ita ce 18. Sharaɗi na farko ga mai son riƙe sitiyarin jar motar nan shi ne ya fara zama cikakken ɗan kwana-kwana, mai lafiyar jiki da ta ido da ta kunne, wanda ya san halin wuta, ya kuma iya agajin gaggawa ga wanda ya ƙone ko ya karye; bayan haka ya mallaki takardar izinin tuƙin manyan motoci; daga nan ne ake koya masa sarrafa famfo, wanda shi ne ainihin ilmin wannan fanni. Malamanmu na fiƙihu sun sanya ceton rai a cikin farillan kifaya, waɗanda idan wasu suka tsaya da su an ɗauke wa saura, ashe kuwa mutumin nan wani nauyi yake saukewa a madadin kowa da kowa a garin.

Mutane da yawa suna zaton gwanintarsa gudu ce. Ba haka al'amarin yake ba. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka motar da ta ɗauko lita 3,000 tana dakon tan uku na ruwa, ban da nauyin kanta da na mesa da tsani da mutane. Ruwa kuwa kaya ne mai motsi, wanda idan an taka birki yakan tunkuɗo gaba, idan an sha kwana ya karkata gefe, musamman in tanki ya yi rabi. Direban da ya manta da wannan a kan hanya mai ramuka, ko cikin taɓon damina, a yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, yana iya kifar da motar tare da abokan aikinsa, a wayi gari masu ceto su ne ke bukatar ceto. Jiniya ma roƙon hanya take yi, ba ta ɗauke masa alhakin yaron da ya gifta ko amalanken da ya tsaya a mararraba ba.

Da isarsa wurin gobara, kafin kowa ya sauko, wajibi ne ya duba inda iska ta dosa, ya tsayar da motar ta yadda hayaƙi da zafi ba za su rufe ta ba, ya kauce wa wayar lantarki da katangar da ke shirin faɗuwa, ya kuma bar wa kansa mafita ko da wuta za ta juyo. Sa'an nan ya haɗa famfo da injin motar, gama injin da ya kawo su shi ne kuma zai tura ruwan. Daga wannan lokaci ba ya gusawa. Abokansa suna can cikin hayaƙi riƙe da mesa, shi kuwa yana tsaye a gaban agogunan famfo, idan ya rage ƙarfin ruwa wuta ta fi ƙarfinsu, idan ya ƙara shi farat ɗaya mesa ta fizge ta kayar da mai riƙonta, kuma duk tsawon mesar da aka shimfiɗa akwai ƙarfin da ke ɓacewa a hanya, wanda sai ya lissafa a ka ya rama.

Lissafin da ya fi tsoratarwa shi ne wannan: bakin mesa mai fitar da lita 500 a minti ɗaya zai ƙarar da lita 3,000 a cikin minti shida. Minti shida, jama'a! Saboda haka tun ruwa bai ƙare ba hankalin direba yana kan inda zai samo wani. A nan Gaya ta yi sa'a da kogi, amma zuƙo ruwa daga kogi ma yana da ƙa'ida, domin famfo ba ya iya janyo ruwan da ke ƙasa da shi fiye da kamar mita bakwai ko takwas, dole a kusanta motar da gaɓa ba tare da ta kafe a laka ba, a sa rariya a bakin mesar zuƙa saboda yashi da ciyawa, a kuma tabbatar iska ba ta shiga ta wata mahaɗa ba, in ba haka ba famfo ya yi ta kuka ba ɗigo.

Gobarar fetur kuwa hukuncinta dabam ne, domin fetur yana tasowa saman ruwa, wanda ya kwarara masa ruwa ya ba shi abin hawa ne zuwa gidan maƙwabci. Kumfa ake shimfiɗa masa ta raba shi da iska, direba ne kuma ke daidaita gaurayar maganin kumfar da ruwa. Ba mu manta da musibar watan Mayu na 2019 ba, sa'ad da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai, mutane suka taru suna ɗiba, ta kama da wuta, fiye da mutum 55 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu da rahama.

Saura aikin da ba mai gani, na kowace safiya: duba mai da birki da taya da batir, gwada famfo, cika tanki, da haddace lungunan gari da mashigan kogi. Wannan amana ce tsakaninsa da Mahaliccinsa.

Namu rabon kuwa, jama'ar Gaya da kewaye, mai sauƙi ne. Ku kira 18 tun wuta tana ƙarama, ku faɗi unguwa da alamar da za a gane wurin, ku tura yaro bakin hanya ya yi jagora. Masu kabu-kabu da masu tebura, idan kun ji jiniya ku ba da hanya, kada kuma a yi wa motar zobe don kallo. Wanda ke ajiye fetur a ɗakin kwana, don Allah ya fitar da shi yau.