Gemun Auduga da Buhun Siminti: Tashe a Kalambaina

Kwanan baya wani ɗalibina a Kwalejin Horon Malamai ya kawo mini hoton waɗansu yaran Amurka sanye da fuskokin dodanni, ya ce ko mene ne wannan. Na ce masa Halowin ke nan, watau wasan da suke yi daren 31 ga watan Oktoba. Asalinsa daga Ayalan da Sikotilan ne, mutanen da suka ƙaura zuwa Amurka cikin ƙarni na 19 su suka tafi da shi. Yara kan yi shigar ban tsoro su bi gida gida ana ba su alewa. Da ya ji haka sai ya ce, "Malam, ashe tashe suke yi!"

Lalle ya faɗi gaskiya, sai dai su dare ɗaya suke yi, yawancinsu kuma a kanti ake sayo musu kayan. Mu kuwa da muka tashi a Kalambaina, gab da Sakkwato, tashenmu daga goma ga watan Azumi yake farawa, sa'ad da farin wata ya haskaka gari, kuma ba wanda ya taɓa sayen ko zare.

Ga yadda muke shirya wanda zai fito a tsoho. Tun da rana za a jiƙa ƙaro cikin sakaina har ya yi danƙo. Bayan an sha ruwa sai a shafa masa a haɓa da gira, a liƙa auduga kaɗan kaɗan, gama in an liƙa ta dunƙule ɗaya, da ya soma rawa za ta faɗi. A shafa masa toka a ka, a cusa tsumma a bayansa ya zama doro, a ba shi sanda da tsohuwar rigar kakan wani. Mu 'yan Kalambaina kuma muna da abin da wasu ba su da shi. Kamfanin siminti, wanda aka kafa a 1962 ya soma aiki a 1967, a ƙofarmu yake, saboda haka buhun takarda ba ya yi mana wuya. Mukan kakkaɓe shi sarai, mu huda wurin wuya da hannuwa, mu zane shi da gawayi, ga riga ta samu.

Wata shekara ni aka zaɓa. Don ɗoki na sa aka yi ƙaron da kauri ƙwarai. Gemun bai faɗi ba kam, mun zaga unguwa mun tara gero kusan rabin ƙwarya da 'yan kwabbai, amma sai da mahaifiyata ta yi ta jiƙa mini haɓa da ruwan ɗumi har wajen sahur, ina kuka yayyena suna dariya.

To, jama'a, musamman ku malaman makaranta, a nan maganata take. Na sha jin waɗansu daga cikinmu suna cewa tashe bara ne da ɓata lokaci. Ban yarda ba. Yaron da ya auna buhu da jikin ɗan'uwansa ya yanka daidai, ya haddace rawarsa, ya tsaya gaban dattawa bai ji tsoro ba, sa'an nan suka zauna suka raba abin da aka samu ba rigima, ya yi aikin hannu da lissafi da wasan kwaikwayo cikin dare guda. Abin da ke damuna shi ne yanzu na fara ganin yara da fuskokin roba na kasuwa, duk iri ɗaya, ba wanda ya san yadda aka yi su.

Kafin Azumi mai zuwa, kowane malami ya keɓe darasin aikin hannu biyu, ya ce yara su zo da auduga da ƙaro da tsumma. Amma a gargaɗe su: kada su kusanci fitila da gemun auduga, su riƙa tafiya ƙungiya tare da wani babba, kada kuma su tsallaka babbar hanya inda manyan motoci ke wucewa da dare.