Kuɗin Da Ke Isowa Bayan Sharon Ta Gama Ɓarna

A bazarar 2025 Ministan Noma na Tarayya, Abubakar Kyari, ya ce tsutsar tumatir da manoma ke kira Sharon ta jawo asarar sama da naira biliyan 1.3 a jihohin Kano da Katsina da Kaduna. Wannan adadin ne dai aka ambata a 2023, lokacin da tsutsar ta afka wa gonakin rani. A tsakanin shekarun biyu darajar naira ta faɗi, kuɗin taki da na fetur sun ninka, amma lissafin asara yana nan inda yake. Hakan na nuna babu wanda ke bin fadama yana ƙirga abin da ke faruwa. Tun a watan Mayun 2016 Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, inda kwamishinan noma na lokacin, Manzo Daniel Maigari, ya ce kusan kashi 80 cikin ɗari na gonaki sun lalace, manoma fiye da 200 sun yi asarar da ta haura naira biliyan ɗaya. Aka tura jami'ai Kenya su koyo dabara. Duk da haka bazara na ci gaba da riskar manoman Ikara da Makarfi da Kudan hannu rabbana. Gwamnati tana fitar da kuɗi, sai dai suna fita ne a makare, kuma akasarinsu ga 'yan kwangila suke tafiya, alhali aikin kariya na mutumin da ke zaune a karkara ne.

A waɗannan ƙananan hukumomi uku ba a raba maganar gona da maganar garke. Fadamar da ake noman tumatir da attaruhu da rake da rani, a can ne shanu ke gangarowa mashaya idan daji ya bushe, a can ne kuma suke kalar karan dawa da harawa. Manomin Hunƙuyi yana da awaki a bayan gida, Bafulatanin da ya kafa ruga a gefen burtali yana da 'yar gonarsa ta masara. Duk cutar da ta shiga ɗaya sai ta taɓa aljihun ɗayan. Amma a takardun kasafi an ware su, kowanne da ma'aikatarsa, kuma yankunan kiwo da ke nesa da kwalta su ne na ƙarshe a layin kowace ma'aikata.

Halin tsutsar kanta ya isa ya nuna dalilin da kuɗin bayan fage ba sa aiki. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shiga Sifen a 2006, ta ratso Arewacin Afirka har ta iso nan wajajen 2015. Uwarta ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, mace ɗaya kan zuba ƙwai fiye da 200, kuma cikin zafi wata ɗaya ya ishe ta ta kammala rayuwa ta sake sabon zubi. Da ƙwan ya ƙyanƙyashe sai tsutsar ta kutsa cikin naman ganye, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, inda feshi ba ya samun ta. Farkon abin da ake gani ɗan farin tabo ne kamar taga a jikin ganye, in an ɗaga shi a rana sai a hangi tsutsar da baƙin kashinta a ciki. Manomin da ba a nuna masa wannan ba yakan farga ne bayan gona ta koma ruwan ƙasa kamar an bi ta da wuta, 'ya'yan sun huje sun ruɓe a jikin uwa. A lokacin ne labari ke kaiwa Kaduna, a kafa kwamiti, a ba da kwangilar magani, magani ya iso ana shirin shukar damina. Tarkon ƙamshi mai jawo mazan ƙwaron, wanda kuɗinsa bai kai na kwandon tumatir ba, zai iya ba da gargaɗi makonni kafin ɓarna, muddin akwai mai duba shi yana kai rahoto. Cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Ibadan ta samar da tarko da magungunan da aka haɗa daga tsirrai. Ilimin yana nan. Mai kai shi bakin kwami ne babu.

Haka lamarin yake a garke. Allurar ciwon huhun shanu ba ta wuce shekara tana kariya, dole a maimaita ta kowace shekara, kuma a yi wa mafi yawan shanun yanki a lokaci guda. Tana buƙatar sanyi tun daga cibiyar da ke haɗa ta a Vom har zuwa bakin ruga, kuma da zarar an narka ta sai a yi amfani da ita nan take. Wato firij mai wuta a hedikwatar ƙaramar hukuma, da ƙanƙara a akwati, da babur mai fetur, da malamin dabbobi wanda Arɗo ya san fuskarsa. A cire ɗaya daga cikin waɗannan, abin da aka tsira wa saniya ruwa ne. Bikin ƙaddamar da rigakafi da ake yi a gaban 'yan jarida, a yi wa shanu ashirin allura a bakin titi, ba ya hana huhu ko boru zagayawa cikin dabbobin da ke kwana a daji.

Babban sanadin wannan giɓi shi ne mutuwar aikin malaman gona, kuma tarihinta sananne ne. Shirin bunƙasa noma da Bankin Duniya ya tallafa ya faro a 1975 a Funtua, wadda a lokacin take jiha ɗaya da Kaduna, tare da Gusau da Gombe. Daga nan aka samu hukumar bunƙasa noma ta jihar Kaduna da ke da shiyya a Maigana, malamanta suna zagaya ƙauyuka bisa jadawali, suna komawa horo a kai a kai, suna ɗauko sakamakon binciken cibiyoyin Samaru da Shika suna kai wa talaka. Da tallafin bankin ya ƙare a shekarun 1990, jihohi ba su ɗauki nauyin ba yadda ya kamata. Tsofaffi suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, babura suka mutu, har aka wayi gari malami ɗaya ke da dubban manoma a wuyansa. Tsarin kasafi ya ƙara dagula abin. Sayo taki da injin feshi da katan-katan na magani abu ne da ake gani, ana ɗaukar hotonsa, akwai kuma masu cin riba a cikinsa. Kuɗin fetur na malamin da zai duba tarko duk mako, ko na gyaran firij, ba su da mai tsaya musu a majalisa, kuma su ake fara yankewa idan asusu ya matse. Samaru da Shika suna nan a maƙwabtaka, tafiyar sa'a guda ko ƙasa da haka, amma manomin Kudan wajen mai shagon magani a kasuwa yake neman shawara, mutumin da ribarsa ke ƙaruwa gwargwadon yawan kwalaben da ya sayar.

Ƙasar nan ta taɓa gwada ɗaya hanyar, ta kuma ga amfaninta. Gangamin yaƙi da bushiya da aka fara a 1962 a yankin Tafkin Chadi ya bi shanu ruga-ruga, shekara bayan shekara, har cutar ta kwanta. Da aka yi sake da allura da sa ido, sai ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi wa makiyayan Arewa ɓarnar da dattawansu ba su manta ba. Aka sake ɗaura ɗamara, sai a 2011 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Nasarar da koma-bayan duka sun rataya ne a kan abu ɗaya, wato ko an ci gaba da biyan kuɗin aikin yau da kullum a shekarun da babu annoba.

Illar rashin hakan ta wuce asarar kaka ɗaya. Manomin da ya firgita yakan gauraya magani uku ko huɗu a tanki guda, ya yi feshi safe da yamma, ba takunkumi ba safar hannu. Tsutsar ta saba da gubar, ragowar ta bi ruwan ban-ruwa ta gangara kududdufin da shanu ke sha, wata ta bi tumatir zuwa tukunya. Makiyayi shi ma ya zama likitan kansa, yana sayen allura a kasuwar ƙauye wadda ta wuni a rana, yana tsira wa saniya rabin ƙa'ida, a tatsi nononta washegari a kai talla. Kamfanin sarrafa tumatir na Ikara, wanda gwamnatin jiha ta kafa a farkon shekarun 1980, ba zai tsaya da ƙafarsa ba matuƙar ba a da tabbacin amfanin da zai shigo, kamar yadda masana'antar Dangote ta Kadawa ta dakatar da aiki a 2016. Sannan mutumin da ya ci bashi ya yi noma ya tashi a tutar babu, ko wanda cuta ta kashe masa rabin garke, ba shi da sauran haƙuri ranar da saniya ta shiga gona.

Akwai masu cewa gona da garke dukiyar mai su ce, shi ya kamata ya kare abinsa, kuma gwamnatin da ke fama da matsalar tsaro da albashi ba ta da rarar da za ta ɗauki sabbin ma'aikata. Wasu kan ƙara da cewa makiyaya na ɓoye shanunsu idan sun ga jami'i. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: tunanin jangali bai gushe ba, kuma wasu dazuzzukan ba sa shiguwa. Amma ƙwaron da ke tashi da dare bai san iyakar gona ba, manomin da ya tsabtace tasa zai kamu daga ta maƙwabcinsa, shi ya sa kariyar ta zama aikin hukuma. Batun rashin kuɗi kuma ba ya tsayawa, domin bayan cutar citta ta 2023 a kudancin jihar an samo naira biliyan 1.6 na farfaɗo da manoma. Agajin ya dace, sai dai ya nuna kuɗin na samuwa idan an so. Ɓoye shanu kuwa ya fi yawa inda baƙuwar fuska ce ke zuwa sau ɗaya a shekara.

Abubuwa biyu da suka faru a watan Yulin 2024 sun buɗe ƙofa: kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya, da hukuncin Kotun Ƙoli na cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Idan Ikara da Makarfi da Kudan suka haɗa kai, tunda fadamunsu da burtalinsu a haɗe suke, za su iya ware wani ƙayyadadden kaso da ba a taɓawa, a ɗauki 'ya'yan yankin da suka yi karatun noma da na kiwon dabbobi, a ba kowace gunduma mutum ɗaya na gona da ɗaya na garke, da babur, da firij mai aiki da hasken rana. Jiha ta ɗauki nauyin allura da tarko da horo a Samaru, Tarayya ta tabbatar Vom na samar da isasshiyar allura. A kafa tarko tun lokacin dashe, a yi allurar shanu kafin su gangaro fadama, a sa ranar da kowa zai tuge tsohon tumatir ya ƙone shi bayan girbi, da sa hannun masu unguwa da arɗaɗai. Rahoton kowane mako ya isa Maigana, a kuma karanta shi a rediyo da Hausa da Fulatanci, domin manomin da ke shirin dashe a watan Janairu ya san ko ƙwaron ya riga shi isa fadama.