CACAR ƘWALLO: Me Ke Faruwa Idan Na Cikin Gida Ne Ya Sayar Da Wasa?

 

Yau maganar cacar ƙwallo za mu yi, amma ba ta ɓangaren yaron da ke riƙe da waya yana jiran tikitinsa ya ci ba. Ta ɓangaren manya za mu duba ta, wato koci, jami'in wasanni na makaranta, alƙalin wasa, mutanen da aka damƙa wa amanar wasan. Me ke faruwa idan su ne suka sa hannu a ciki?

Bari mu fara daga Amurka, don can ne wasannin jami'o'i suka zama babbar kasuwa. A watan Mayun 2018 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke dokar 1992 da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni. Daga nan ƙofa ta buɗe, har wasan ɗalibai aka koma zuba wa kuɗi.

Ranar 28 ga Afrilun 2023, Jami'ar Alabama za ta kara da LSU a wasan besbol, wannan da ake jefa ƙwallo a make ta da kulki. A wasan nan mai jefa ƙwallo shi ne ƙashin bayan ƙungiya. To gab da farawa, babban mai jefa ƙwallon Alabama ya samu ciwon baya, ba zai buga ba. Duniya ba ta sani ba tukuna, amma kocinsu Brad Bohannon ya sani. Sai ya tura wa wani mutum mai suna Bert Neff saƙo ta waya. Shi kuwa Neff yana can birnin Cincinnati a jihar Ohio, ya nufi shagon caca na BetMGM ya ce zai zuba dala 100,000 a kan LSU ce za ta ci.

Ka ji inda garaje ya kai shi. Wasan ɗalibai ne da ba a saba zuba masa kuɗi masu yawa ba, kwatsam ga mutum da dala dubu ɗari yana rawar jiki. Ma'aikatan shagon suka tsargu, suka ce iyakar abin da za su karɓa dala 15,000 ne. Don ya shawo kansu, sai ya nuna musu saƙonnin da ke cikin wayarsa! Kyamarar shagon kuma tana ɗauka. LSU ta ci 8 da 6. Cikin mako guda jami'ar ta kori Bohannon. A Fabrairun 2024 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta ɗora masa takunkumin shekara 15, wanda kusan ya rufe masa ƙofar aiki a kowace jami'a. Neff kuma ya amsa laifin kawo wa bincike cikas, aka yanke masa wata takwas a gidan yari.

Lura da abu ɗaya: kocin nan bai ce wa yaransa su faɗi da gangan ba. Labari kawai ya fitar kafin lokacinsa. Amma a kasuwar caca labari shi ne kuɗi. Duk wanda ya zuba a kan Alabama a wannan dare, ya yi caca ne da mutumin da ya riga ya leƙa takardar jarrabawa. Shi ya sa dokar ɗa'a ta FIFA ma ta hana 'yan wasa, kociyoyi da jami'ai shiga cacar ƙwallo kwata-kwata. Ku da ke kallon Firimiya kun ga abin da ya sami Ivan Toney na Brentford, dakatarwar wata takwas a 2023, da Sandro Tonali na Newcastle, wata goma a wannan shekarar.

Wani zai ce ai wannan can ne wajen Turawa. To mu dawo gida.

Watan Yulin 2013, a Bauchi, ana wasannin neman hayewa zuwa ƙaramin rukuni na gasar ƙasa. Ƙungiyoyi biyu, Plateau United Feeders da Police Machine ta Adamawa, makinsu ɗaya, yawan ƙwallaye ne zai raba gardama, kuma wasanninsu na ƙarshe a lokaci guda ake buga su. An tafi hutun rabin lokaci Feeders na cin Akurba ta Nasarawa 7 da nema, Police Machine na cin Bubayaro ta Gombe 6 da nema. Da aka dawo sai abin ya zama wasan yara. Aka tashi Feeders 79, Akurba 0. Police Machine 67, Bubayaro 0.

Tsaya ka yi lissafi. Ƙwallo 72 cikin minti 45, wato kusan duk daƙiƙa 37 an zura ɗaya, har da ɗauko ta daga raga a kai ta tsakiyar fili a sake take ta. Ko kai kaɗai ne a filin sai ka yi gumi. Hukumar NFF ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara 10, 'yan wasa da jami'an da ke ciki kuma aka haramta musu harkar ƙwallo har abada. Labarin ya zagaya duniya, aka yi ta mana dariya.

A yi adalci, wannan ba kuɗin caca aka bi ba, gurbin hayewa ake nema. Abin da ya nuna shi ne yadda ƙaramin wasa ke da arhar saye. Inda babu kyamara, babu albashin kirki, alƙalin wasa na jiran kuɗin motar komawa gida, mutum uku ko huɗu sun isa su juya sakamako. Kuma 'yan Bauchi an kama su ne don sun yi wauta a fili. Wanda ya ƙware ba ya neman 79. Bugun fanareti ɗaya ya ishe shi, ko katin gargaɗi ɗaya a minti kaza, tunda yanzu har a kan kati da bugun kwana ake zuba kuɗi.

Irin waɗannan ƙwararrun ne suka ja wa Samson Siasia, mutumin da ya kai Najeriya ga azurfa a Olamfik na 2008 da tagulla a na 2016. A Agustan 2019 FIFA ta dakatar da shi har abada kan hulɗar da ya yi a 2010 da Wilson Raj Perumal, ɗan Singafo da ya yi ƙaurin suna wajen sayen wasanni saboda caca. Tayin shi ne a sama masa aikin koci a Ostireliya, shi kuma ya riƙa sa wasu 'yan wasa da aka zaɓa. Aikin bai ma tabbata ba. A 2021 kotun wasanni ta duniya ta rage hukuncin zuwa shekara biyar, amma shekara biyar ɗin nan ta cinye masa lokacin da ya fi tashe.

To ina ruwan Daura da wannan? Garin ya canza. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri, ga Kwalejin Yusuf Bala Usman, ɗalibai daga ko'ina. Ba muna zargin kowa a makarantun nan ba ne. Muna cewa ne duk inda aka tara matasa, da waya, da gidan kallon ƙwallo, da gasar ajujuwa ko ta unguwanni, kayan haɗin sun cika. Jami'in wasanni a makaranta shi ya san wanda ya ji rauni, shi ke nemo alƙali, shi ke riƙe da alawus ɗin 'yan wasa idan za a tafi NUGA ko NIPOGA. Ranar da mai irin wannan kujera ya faɗa bashin caca, abu biyu ne a gabansa da zai iya sayarwa: kuɗin yara da wasan yara. A ganina shi ya sa bai kamata kuɗin tawaga ya zama a hannun mutum ɗaya ba, komai kirkinsa.

Kuma bashin ba wuya ya hau mutum, don lissafin ba ya bayan mai zubawa. Misali wasa tsakanin mutum biyu da ƙarfinsu ɗaya, kamfani ya ba kowane ɓangare 1.90. Kai ka zuba naira 1,000 nan, abokinka ya zuba 1,000 can. Kamfani ya karɓi 2,000, zai biya wanda ya ci 1,900, ya soke 100 a aljihu ko wa ya yi nasara. Sai kuma dogon tikiti, abin da samari suka fi so. Ka jera wasa goma, a ce ma kowanne kana da damar kashi 70 cikin 100 na cankar daidai. Damar duk goman su shigo ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba. Wannan “wasa ɗaya ne ya yanke min” da kake ji kullum a majalisa, ba tsautsayi ba ne, haka aka gina abin.

Ta fuskar addini ba sai mun ja magana ba, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera caca tare da giya. Ta fuskar doka kuwa, ranar 22 ga Nuwamban 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Kafin nan da wata guda Hisbar Kano ta rufe shagunan caca kusan 30. Katsina ma tana bin shari'ar Musulunci tun 2000, kuma gwamnatin Dikko Raɗɗa ta kafa hukumar Hisba. Ke nan yanzu babu mai cewa lasisin Abuja ya ɗaure wa jiha hannu.

Sai dai shago ake iya sa wa kwaɗo. Bet9ja da SportyBet suna cikin waya, kuɗi na shiga ta turawar banki da tsakar dare, ba mai gani. Shi Neff ƙafarsa ce ta kai shi gaban kanta har kyamara ta ɗauke shi. Da a ɗakinsa ya zauna ya rarraba kuɗin ƙanana-ƙanana ta waya, da kamun bai zo da sauƙi haka ba.

Ku faɗa mana a ƙasa: a gasar unguwarku ko ta makarantarku, wa ke zaɓen alƙalin wasa, kuma wa ke biyansa? Sai mun haɗu a shiri na gaba.