Saƙar lilin ta gida a Faransa

Saƙar lilin ta gida a Faransa sana'a ce ta saƙa kayan ɗaki da na kicin, kamar zanen gado, rigar matashi, shimfiɗar tebur, adiko da ƙyallen goge kwanuka, da zaren da ake cirowa daga karan wata shuka da Faransawa ke kira lin. A Faransanci sunan waɗannan kaya linge de maison. Kalmar linge kanta daga lin ta samo asali, kuma ta zauna a bakin mutane har yau, ko da kayan na auduga ne zalla.

Daga gona zuwa zare

Ana shuka lin a watan Maris ko Afrilu, ya fitar da shuɗin fure a watan Yuni. A Yuli ake tuge shi da saiwarsa, ba a yanka shi, don kada a rage tsawon zaren. Daga nan sai a shimfiɗa karan a gona na wasu makonni, raɓa da ruwan sama da rana su ruɓar da ƙaron da ya manne zaren da kara. Sunan wannan mataki rouissage, kuma wanda ya taɓa ganin yadda ake jiƙa rama kafin a saɓe ta zai gane shi. A nan ne manomi ke ci ko faɗuwa: idan ya kwashe da wuri zaren ba zai rabu da kara ba, idan ya makara zaren ya ruɓe. Bayan haka ake farfasa karan, a taje zaren, a kaɗa shi.

Zaren lilin ba ya miƙewa, kuma yana saurin tsinkewa a busasshiyar iska. Shi ya sa masaƙan yankin Cambrai, masu saƙa lallausan yadin batiste, suke kafa masaƙarsu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu danshi.

Kayan aure

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, 'yan mata da yawa kan shafe shekaru suna haɗa trousseau, wato kayan lilin da za su tafi da su gidan miji. Sukan ɗinka haruffan farko na suna a jiki, galibi da jan zare. Ba ado kaɗai ba ne. A ƙauyuka, babban wanki da tokar itace sau ɗaya ko biyu ake yin sa a shekara, don haka dole gida ya tara zannuwa da yawa, kuma alamar ce ke hana kayan wani gida cakuɗewa da na wani a wurin wankin gari. Akwai kuma métis, yadin da zarensa na tsaye auduga ne, na kwance kuma lilin, wanda ya fi lilin zalla araha.

Yankuna

Garin Gérardmer da ke tsaunukan Vosges ya yi suna wajen faranta yadi ta hanyar shanya shi a kan ciyawa, rana da raɓa su cire masa launinsa na toka-toka. A can aka kafa kamfanin Garnier-Thiebaut a 1833, sai Linvosges a 1923. A yankin Basque, kusa da iyakar Sifen, asalin yadin mai ratsi mayafi ne da ake rufa wa shanun huɗa don kare su daga ƙuda da rana, daga baya ya hau tebur. Ana cewa ratsi bakwai da aka fi yi masa na nufin lardunan Basque bakwai. Garin Cholet kuwa da jan hankici aka san shi.

Masaƙar da Joseph Marie Jacquard ya fito da ita a Lyon a 1804, mai aiki da katuna masu huji, ta sa aka iya saƙa fure da zane a cikin jikin yadin ba tare da wani ya tsaya yana jan zare da hannu ba. Irin wannan saƙar ce ake gani a jikin shadda.

Halin da ake ciki

Faransa ce ta fi kowace ƙasa noman lin na zare, musamman a Nomandi da arewacin ƙasar. Sai dai abin mamaki, mafi yawan abin da aka noma ƙasar Sin ake kai wa a kaɗa, domin masana'antun kaɗi na gida sun rufe ɗaya bayan ɗaya saboda tsadar aiki. Wannan ya sa zanen da aka saƙa a Vosges yana iya kasancewa da zaren da ya je Asiya ya dawo. Gwamnati ta ƙirƙiro lambar shaida ta Entreprise du Patrimoine Vivant a 2005 ga kamfanonin da ke riƙe da sana'o'in gado, kuma a 2022 kamfanin Safilin, wanda ya mayar da kaɗinsa Poland, ya sake buɗe masana'antar kaɗi a Béthune.