Araha Ba Ta Ado: Yadda Aka Riƙa Sayar Da Rabin Metropolis Da Sunan Cikakke

A ran 10 ga watan Janairu na shekarar 1927 aka fara nuna wani fim mai suna Metropolis a birnin Berlin na ƙasar Jamus. Fritz Lang shi ne ya shirya shi, matarsa kuwa, Thea von Harbou, ita ta tsara labarin, kamfanin UFA kuma ya kashe kimanin Mak miliyan 5 na kuɗin Jamus na wancan zamani wajen yinsa. Fim ne marar magana, watau sai dai rubutu ya fito tsakanin hotuna ya bayyana abin da ake faɗi, ana kuma kaɗa kiɗan da Gottfried Huppertz ya tsara musamman dominsa. A wannan dare tsawonsa ya kai kimanin sa'a biyu da rabi.

Labarin ƙagagge ne na kimiyya. Wani birni ne na zamani mai zuwa, inda masu hali suke zaune a dogayen benaye, ma'aikata kuwa suna can ƙarƙashin ƙasa suna ta fama da injuna. Freder, ɗan mai birnin, ya kamu da son wata yarinya Maria wadda ke yi wa ma'aikata nasihar haƙuri, sai wani masani, Rotwang, ya ƙera mutum-mutumi na ƙarfe, ya ba shi kamannin Maria don ya tunzura ma'aikatan su rushe birnin.

Waɗanda suka ga fim ɗin cikakke ba su da yawa. Kamfanin Paramount na Amurka ya ga ya yi tsawo, saboda haka ya sa wani marubucin wasan kwaikwayo, Channing Pollock, ya datse shi ya kuma sake rubutun da ke ciki. A cikin watan Agusta na 1927 Jamusawa su ma suka fito da nasu datsattsen. Da haka kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fim ɗin ya salwanta. Cikin abin da aka yanke har da labarin Hel, mahaifiyar Freder, wadda Rotwang ya so kafin mai birnin ya aure ta. An cire ta ne domin sunanta ya yi kama da kalmar Jahannama a Turanci. To, da aka cire ta, sai mai kallo ya rasa dalilin ƙiyayyar Rotwang, ya ɗauka mahaukaci ne kawai.

Daga baya haƙƙin mallakar fim ɗin ya faɗi a Amurka, domin ba a sabunta rajistarsa ba. Da kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje a cikin shekarun 1980, ƙananan kamfanoni suka ga banza ta faɗi. Kowa ya samo tsohon kwafe, ya juya shi a kaset, daga baya kuma a faifan DVD, ya zuba a kwandon kayan rahusa na kantuna. Akasarin waɗannan kwafe na kwafe ne: fuskoki sun dushe, rubutu ba ya karantuwa, wani yana gudu fiye da kima, wani yana jan jiki, kiɗan da aka manna masa kuwa ba ruwansa da abin da ke faruwa. Kwalin yana ɗauke da sunan Fritz Lang, amma ba ya gaya wa mai saye cewa guntu ne aka ba shi.

Duk da haka ba a rasa alheri a wannan ciniki ba. Ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi da yawa ta nan suka fara ganin fim ɗin, kuma ko a cikin dushewa surar mutum-mutumin nan ta shiga ransu. Haka nan a 1984 mawaƙi Giorgio Moroder ya fito da nasa gajeren tsari da kiɗan zamani, wanda ya jawo matasa. Waɗannan masoya, masu kallo a kai a kai suna kwatanta wannan kaset da wancan, su ne suka riƙe sunan fim ɗin a bakin jama'a.

A shekarar 2001 aka kammala wani babban gyara a ƙarƙashin Gidauniyar Murnau ta Jamus, Hukumar UNESCO kuma ta shigar da fim ɗin cikin kundinta na kayan tarihin duniya. Sa'an nan a 2008 aka gano wani kwafe a gidan adana finafinai na birnin Buenos Aires a ƙasar Ajantina, wanda asalinsa wani ɗan kasuwa ne ya kai shi can kafin a datse. Ko da yake ya sha ƙarzuwa ƙwarai, an samo kimanin minti 25 da aka fid da rai da su. A ran 12 ga Fabrairu 2010 aka nuna sabon haɗin a Berlin da Frankfurt, mai tsawon minti 148, tare da kiɗan Huppertz na asali.

An mayar wa fim ɗin haƙƙinsa a Amurka a 1996, amma ya sake faɗuwa ran 1 ga Janairu 2023, watau kowa na iya buga tsohon fim ɗin ya sayar a can. Saboda haka ya kamata duk ɗalibi ko malamin da zai saya, ko zai kalla a intanet, ya duba tsawon lokacin da aka rubuta, ya kuma duba ko kiɗan Huppertz ne. In ya ga minti 90 ko 120, to, ya san akwai saura. Wanda ya yanke wa Fritz Lang hukunci bisa kaset na rahusa, almakashin Pollock ya yi wa shari'a.