Sawun da Ɗan Kasuwa Ke Bari a Kwamfutar Haya

Yau da yawa cikinmu mukan shiga shagon kwamfuta mu duba farashi, ko mu aika wa maigida a Dawanau takardar kaya. To, ku sani kwamfuta tana riƙe sawun wanda ya zauna gabanta, kuma sawun nan iri uku ne.

Na ɗaya shi ne kash. Ma'ajiya ce ta wucin gadi, inda kwamfuta ke ajiye hotuna da guntayen shafin da ka buɗe, don kada ta sake ɗauko su daga intanet. Kamar dillali ne da ya zuba samfurin riɗi a aljihu, ba sai ya koma sito kowane lokaci ba. Yana sa sauri, yana rage cin data. Aibinsa, wani lokaci yakan nuna maka shafin jiya, ka yi ciniki a kan tsohon farashi. In ka yi shakka, danna Ctrl da F5, sabo zai zo.

Na biyu shi ne tarihi, watau jerin shafukan da ka shiga, da ranar da sa'ar. Wanda ya zauna bayanka zai ga inda kake neman kasuwa.

Na uku shi ne kukis, kuma shi ya fi haɗari. Shaida ce da shafi ke ba kwamfuta cewa ka riga ka shiga da lambar sirrinka. Muddin tana nan, wani zai buɗe Gmail ko Facebook ɗinka ba tare da an tambaye shi komai ba. Share kash kaɗai ba ya kawar da ita, a nan mutane ke ruɗuwa.

Ga abin yi. In kwamfuta ta nemi ta adana lambar sirri, ka ƙi. In ka gama, fita daga asusunka tukuna, sannan ka danna Ctrl da Shift da Delete tare, ka share duka ukun. Mafi sauƙi, tun farko ka danna Ctrl da Shift da N a Chrome, ka yi aiki a tagar sirri, wadda take ciki tun 2008. Da ka rufe ta, ta manta.

Amma fa tagar sirri ba layar zana ba ce. Kamfanin layi yana iya sanin shafin da aka shiga, kuma rasit ko takardar banki da ka sauko tana nan zaune. Share ta da hannunka, ka zubar da kwandon shara. Sirrin ciniki jari ne. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.