Asibiti a Cikin Gida

Yau za mu yi magana a kan tsofaffi da marasa ƙarfi, da wata hanyar jinyarsu wadda likitoci a waɗansu ƙasashe suke kira asibiti a gida.

Bari mu fara da tambaya. Me zai sa likita da kansa ya ce wa tsoho mara lafiya, gara ka kwanta a ɗakinka? Ai asibiti ne wurin neman lafiya. Haka ne, amma ga wanda jikinsa ya riga ya yi rauni, gadon asibiti yana da nasa haɗari. Tsohon da ya kwanta kwana da kwanaki ba motsi, tsokar jikinsa takan zube da sauri. A shekara ta 2007 an ba da sakamakon wani gwaji a Amurka. Tsofaffi masu ƙoshin lafiya sun kwanta kwana 10, sai aka tarar sun rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafafunsu. To, mai lafiya ke nan, ina ga mara lafiya? Yakan shiga asibiti da ƙafarsa, a sallame shi ba ya iya zuwa bayan gida sai an riƙe shi.

Ga kuma ruɗewa. Wuri baƙo, fuskoki baƙi, fitila dare da rana, barci ba ya samuwa. Sai ka ga tsohuwa ta kasa gane 'yarta, tana fizge robar ƙarin ruwa. Mutane sukan ce gigin tsufa ne, alhali sau da dama ciwon ne da sauyin wuri suka kawo shi. Akwai kuma ƙwayoyin cuta da ake ɗauka a asibiti, waɗanda ba sa jin magani da sauƙi.

Saboda haka aka nemi wata hanya. Asibitocin gwamnati na birnin Paris a Faransa sun fara ta a 1957. Jihar Victoria ta Ostareliya ta bi sahu a 1994. A Amurka kuwa, likita Bruce Leff na Johns Hopkins da abokan aikinsa sun gwada ta a kan tsofaffi masu limoniya, da raunin zuciya, da tsohon ciwon huhu mai hana numfashi, da kumburin fata. A 2005 suka ba da sakamako: waɗanda aka yi jinyarsu a gida sun yi kimanin kwana 3, na asibiti kusan kwana 5, kuɗin ma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A Birtaniya, a 2021, an ba da sakamakon bincike a kan tsofaffi fiye da 1,000, matsakaicin shekarunsu 83. Bayan wata 6, yawan waɗanda suka rasu kusan ɗaya ne a gida da asibiti, amma waɗanda aka yi jinyarsu a gida ba su cika ƙarewa a gidan ajiye tsofaffi ba. A 2023 hukumar lafiya ta Ingila ta kai gadaje 10,000 na irin wannan jinya.

Yaya ake yi? Da farko likita yakan duba mara lafiya sosai, ya tabbata ciwon ya kai a ba shi gado, amma bai kai na ɗakin gobe da nisa ba. Sa'an nan sai a rubuta sunansa cikin majinyatan asibiti, ko da yake yana kwance a ɗakinsa. Ma'aikatan jinya sukan zo kowace rana, su yi allura ta jijiya, su sa ƙarin ruwa, su kawo iskar shaƙa, su ɗebi jini a kai gwaji. Likita yana bin lamarin kullum, ko ya zo da kansa ko ta waya. Akwai lambar da za a kira dare ko rana, akwai kuma motar asibiti in jiki ya rikice. Kuma ba a yi sai da yardar mara lafiya da ta iyalinsa, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A nan sai mu lura ƙwarai, 'yan'uwa. Ajiye tsoho a ɗaki ana kiran mai kemis ya zo ya yi masa allura, wannan ba shi ne asibiti a gida ba. Inda babu likita mai ɗaukar nauyi, babu gwaji, babu motar da za ta zo, kwanciya a gida tana iya cin rai. In numfashi ya yi wuya, ko baki ya karkace, ko gefe ɗaya na jiki ya mutu, ko ƙirji ya riƙe, ko mutum ya ruɗe farat ɗaya, ko fitsari ya tsaya, kada a jira gari ya waye. A kai shi asibiti nan take.

Duk da haka akwai abin koyi ga kowane gida mai jinya. A riƙa juya wanda ba ya iya juyawa kamar kowane sa'o'i 2, don kada gyambon kwanciya ya kama shi. A zaunar da shi, a taimake shi ya ɗan taka in yana iyawa. A ba shi ruwa da abinci kaɗan-kaɗan, yana zaune, don kada ya shaƙe. A buɗe taga da rana ya san gari ya waye. A rubuta lokacin kowane magani a takarda, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi.

Kada kuma mu manta da mai jinyar. Yawanci mace ɗaya ce take ɗauke da wannan kaya, ba barci, ba kasuwa, ba sujada. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar mata da matasan ekklisiya suna iya raba kwanaki: wannan ta yi wanki, wancan ya ɗebo ruwa, wata ta zauna da mara lafiya yini guda domin mai jinya ta huta. Ziyarar da ta zo da hannu biyu na aiki takan sauƙaƙa wa gida duka.

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu. Amin.